Yadda Ake Tambayar Tauraro Abin da Ke Cikinsa

In aka ɗebo wani farin gari aka ce mutum ya faɗi ko gishiri ne ko kanwa, ai ba wuya, sai ya lasa. To, tauraro fa, wanda ba mai iya kai hannu gare shi? A shekarar 1835 wani masani Bafaranshe mai suna Auguste Comte ya rubuta cewa har abada ɗan Adam ba zai san abin da taurari suka ƙunsa ba. Ba a yi shekara talatin ba maganarsa ta rushe. Abin da ya rushe ta kuwa shi ne na'urar rarrabe haske, kuma ita nake so in yi bayani a kanta, da yadda ake sarrafa ta da kwamfuta a zamanin yau. Ina roƙon iyayenmu kada su ɗauka duba ne ko bugun ƙasa. Awo ne tsantsa, kamar awon hatsi da mudu.

Kowa ya san bakan gizo. Hasken rana da muke gani fari fat, ashe launuka ne a gauraye, ɗigon ruwan sama ne ke warware su. Isaac Newton na ƙasar Ingila ya nuna haka da gilashi mai kusurwa uku a 1666. A 1814 wani Bajamushe maƙerin gilashi, Joseph Fraunhofer, ya duba launukan nan da kyau, sai ya ga siraran layuka baƙaƙe fiye da 500 sun ratsa su. Sai a 1859 Kirchhoff da Bunsen suka gano ma'anarsu, watau kowane sinadari yana da nasa layuka a wuraren da ba sa canzawa. Kamar dai yadda a da ake ganin tsagar fuskar mutum a ce wannan Bagobiri ne, ba sai an tambaye shi ba. Ku barbaɗa gishiri a wutar murhu, za ku ga harshenta ya koma ruwan ɗorawa. Wannan tsagar sinadarin sodiyam ce, tana kan nanomita 589. Nanomita kuwa shi ne kashi ɗaya in an raba mita gida miliyan dubu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne labarin iskar hiliyam. Ran 18 ga Agusta 1868 aka yi husufin rana a Indiya, masana suka ga wani layi ruwan ɗorawa a gefen rana, kusa da na sodiyam amma ba daidai da shi ba. Norman Lockyer na Ingila ya ce sabon sinadari ne, aka yi ta musu, sai a 1895 William Ramsay ya samo shi a nan ƙasa. Kai jama'a! An ga abu a rana shekara 27 kafin a riƙe shi a kwalba. Irin wannan husufin ne ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina ran 29 ga Maris 2006, mu kuma a Dutse iyayenmu suka ga rana ta zama kamar jinjirin wata.

Ita na'urar a bayan madubin hangen nesa ake ɗaura ta. Madubin ya tattaro haske, ya zuba shi ta wata siririyar tsaga don kada hasken maƙwabta ya shigo. Daga nan hasken ya faɗa kan wani faranti mai ɗaruruwan zane a kowace milimita, farantin ya baje shi launi launi, sa'an nan idon lantarki irin na kyamarar waya ya ɗauka. A yau masani ba ya tsayawa cikin sanyi yana leƙe. Yana zaune ne a ɗaki gaban kwamfuta, manhaja ce ke kai umarninsa. A nahiyarmu akwai babban madubi mai suna SALT a Sutherland ta Afirka ta Kudu, wanda aka buɗe a 2005, an harhaɗa fuskarsa da ƙananan madubai 91. Mai bincike yakan aika da buƙatarsa ne, ma'aikatan wurin su yi masa awon in layi ya zo kansa. Saboda haka dare ɗaya a can abu ne mai tsada, kuma wanda ya yi sakaci ba a mai da masa daren.

Aiki tun da la'asar yake farawa. Mai sarrafawa ya buɗe manhaja, abu na fari da zai duba shi ne sanyin idon lantarki. Zafi yakan sa idon ya ƙirga hasken da babu shi, don haka a manyan wurare ake sanyaya shi zuwa wajen digiri 100 ƙasa da sifiri. Sa'an nan ya ɗauki hotuna da murfi a rufe, don ya san abin da idon ke nunawa ko ba haske. Wannan daidai yake da mai sayar da manja ya fara auna galan ba kome a ciki. Bayan haka ya kunna farar fitila mai haske bai ɗaya, don ya gane inda idon ya fi gani da inda ƙura ta hau.

Sai kuma matakin da ni a ganina ya fi duka muhimmanci, watau fitilar awo. Wata ƙaramar fitila ce a cikin na'urar mai ɗauke da iskar niyon ko agon, wadda aka riga aka san mazaunin kowane layinta. Hoton tauraro shi kaɗai ba ya zuwa da lambobi, ratsi ne kawai mai duhu nan da can. Layukan fitilar su ne rula. Bari in nuna dalili da lissafi. In ka tsaya bakin hanyar Shuwarin babbar mota ta taho tana oda, ƙarar takan yi tsini, in ta wuce sai ta yi kauri. Haka haske yake. Abin da ke matsowa gare mu layukansa sukan gusa wajen shuɗi, wanda ke nisanta kuma su gusa wajen ja. A 1912 Vesto Slipher na Amurka ya auna tarin taurarin Andromeda, ya ga yana nufo mu da gudun kilomita 300 a daƙiƙa. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, ke nan kashi ɗaya ne cikin dubu. Jan layin haidirojin yana kan nanomita 656.3, in ka raba da dubu za ka ga gusawar ba ta kai nanomita ɗaya ba, wajen 0.66 ce. Alhali kuwa ƙarfen na'urar yakan ɗan lanƙwashe in madubi ya juya, ko ya motsa in dare ya yi sanyi. Shi ya sa masu hankali sukan sake kunna fitilar kafin tauraro da bayansa. Wanda ya tsallake wannan sai ya auna motsin ƙarfensa ya ce gudun tauraro ne.

In duhu ya yi, sai a rubuta wa manhaja lambobi biyu na mazaunin tauraron a sama, madubi ya juya da kansa. Akwai ƙaramar kyamara mai nuna bakin tsagar. Da ita ake tura tauraron kaɗan kaɗan har ya faɗa ciki, a kuma kafa wa manhaja wani tauraro na kusa ta riƙa bi, gama duniya ba ta daina juyawa don ana aiki. Daga nan a zaɓi tsawon lokacin ɗauka. Tauraro mai haske irin Shi'ira, wanda aka ambata cikin Suratun Najmi, kuma muke gani da dare lokacin hunturu, 'yan daƙiƙoƙi sun ishe shi, in an daɗe ma hoton ya cika ya ɓaci. Mai dishi-dishi kuwa sai a yi rabin sa'a ko fiye. Akwai wata ƙa'ida mai ban haushi a nan: in kana son kyan hoto ya ninka biyu, sai ka ninka lokaci sau huɗu. Kowane hoto kuma a rubuta shi a littafin dare, da lokaci da faɗin tsaga da halin gari.

Da irin wannan haƙuri ne Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa yawancin jikin taurari haidirojin ne da hiliyam. Da shi ne kuma Michel Mayor da Didier Queloz, a wani wurin duba taurari da ke kudancin Faransa, suka gano a 1995 cewa wata duniya tana kewaya tauraron 51 Pegasi cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i. Ba su gan ta da ido ba, rawar layukan tauraron ce ta tona ta. An ba su kyautar Nobel a 2019.

Mu a nan, kafin Allah ya kai wasunmu sashen kimiyyar fiziks na Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, muna iya farawa da kwali. Ni na haɗa nawa da kwalin sukari da tsohon faifan CD, wanda ke da zane wajen 625 a kowace milimita. A gefe guda a manna reza biyu baki da baki, a bar 'yar tsaga kamar kaurin gashi biyu ko uku. A ɗaya gefen a soke faifan a karkace, a huda ramin leƙe a samansa. Ku nufi fitilar kwano ko kyandir, za ku ga launuka a jere ba yankewa. Ku nufi dogon ƙwan lantarki fari, sai ku ga layuka daban daban, kore da shuɗi sun fi fitowa, na sinadarin zaiba ke nan da ke cikin ƙwan. In kun kanga kyamarar waya a ramin, ga idon lantarkinku, dogon ƙwan kuma ya zama fitilar awonku, gama koren layin nan yana kan nanomita 546. Amma don Allah kada wanda ya nufi rana kai tsaye, ido zai lalace. A shimfiɗa farar takarda a rana, a nufi takardar.