Darasi na 12: Neman Diyya Yana da Wa'adi

Mu mutanen bakin ruwa mun san hatsari. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ɗauke da fasinjoji fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski. Mutane da yawa suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ban da ruwa, akwai hatsarin mota a hanyar Yelwa, akwai na inji a wurin aiki.

Ƙaddara gaskiya ce, haƙuri kuma ibada ne. Amma idan sakacin wani ne ya ji maka rauni, neman diyya haƙƙinka ne. Sai dai doka ta sa masa wa'adi. In wa'adi ya wuce, kotu tana iya ƙin sauraronka, ko da kai ne mai gaskiya.

Wani saurayi daga Shanga ya karye a wurin aiki. Kawunsa ya zo duba shi.

"Sannu, ɗana. Ka sanar da masu kamfanin?"

"A'a, Kawu. Na bari sai na warke."

"Kul! Masunci ba ya kwana da ɗanyen kifi bai banda shi ba. Yau za mu aika musu, kuma a rubuce."

Kawun ya yi gaskiya. Ga wa'adi uku da ya kamata kowa ya riƙe.

Kwana 14. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki ya sanar da mai aikin cikin kwana 14. In ya rasu, iyalinsa su sanar.

Shekara 1. A miƙa takardar neman diyya ga hukumar NSITF, mai kula da diyyar ma'aikata, cikin shekara 1 daga ranar da abin ya faru. In da uzuri mai ƙarfi, hukumar tana iya karɓa har zuwa shekara 3. Amma kada ka dogara da wannan sassauci.

Wata 3. In jami'in gwamnati ne ya cuce ka a bakin aikinsa, doka ta ba ka wata 3 kacal ka shigar da ƙara. Wata 3 bai kai tsawon damina ɗaya ba.

Ƙarar direba tana bin dokar jiha, kowace jiha da nata wa'adin. Tambayi lauya tun da wuri. Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa tana da ofis a kowace jiha, tana taimakon marasa hali kyauta.

Ga abin da za ka yi tun makon farko:

1. Je asibiti, ko da ka fara zuwa wurin mai ɗori. Adana katinka da rasit ɗin magani.
2. Kai rahoto ga 'yan sanda.
3. Rubuta ranar, da wurin, da lambar mota ko sunan mai jirgi.
4. Rubuta sunayen shaidu, domin mutum yakan manta, yakan yi ƙaura.

Sulhu alheri ne. In dattawa ko mai gari sun shiga tsakani, ka saurare su da ladabi. Amma ka sani, kwanakin wa'adi ba sa tsayawa don ana sulhu. Kada "gobe za mu biya" ta cinye maka wata uku. Da-na-sani ƙeya ce.

Yanzu da ka iya rubutu, kwanan watan da ka rubuta da hannunka shi ne shaidarka ta farko.

Tambayoyi

1. Cikin kwana nawa ma'aikaci zai sanar da mai aiki?
2. Me ya sa kawun ya kawo misalin ɗanyen kifi?
3. Rubuta kwanan watan yau a littafinka.