Kaluluwa a Hammatar Mai Juna Biyu

Wata mai sauraronmu daga Darna Sabon Gari, ƙaramar hukumar Illela, tana tambaya: tana da juna biyu, kaluluwa ta fito mata a hammata, ko ciwon daji ne?

Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Galibi kaluluwa alama ce ta jiki yana yaƙar ƙwayoyin cuta. Lokacin goyon ciki, sinadarin furojestaron yakan lafar da garkuwar jiki don kada ta farmaki ɗan tayi, shi ya sa wasu ƙwayoyin cuta kan samu sauƙin shiga. Amma idan kumburin ya yi tauri, ba ya zafi, ya haura mako 2, garzaya asibitin Illela, ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, a duba ko ciwon daji ne. Kada ki sha maganin dexamethasone ba umarnin likita: yana raunana garkuwa, yana ɓoye cuta.