Tantance Manyan Jami'an Gwamnati da Sirrin Rahoton Tsaro

Sashe na 147 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi cewa shugaban ƙasa ba zai naɗa minista ba sai Majalisar Dattawa ta amince da sunan da ya aike mata, kuma irin wannan sharaɗi ya hau kan jakadu da Alƙalin Alƙalan ƙasa da shugabannin wasu manyan hukumomi. Binciken da ake yi kafin amincewar shi ake kira tantancewa, kuma kashi biyu ne: akwai wanda jama'a ke kallo a talabijin, inda mutum zai tsaya gaban sanatoci ya karanta tarihinsa ya amsa tambayoyi, akwai kuma wanda hukumar tsaro ta farin kaya, wato DSS, ke yi a ɓoye ta rubuta rahoto. Na filin sau da yawa ba ya da kaifi, domin al'ada ta sa tsohon ɗan majalisa rusunawa kawai yake yi ya wuce, ga shi kuma ana aiko sunaye ba tare da ma'aikatar da kowa zai riƙe ba, har a ga sanata yana yi wa likita tambayar da ta fi dacewa da injiniya. Saboda haka nauyin aikin ya koma kan takardar da talaka ba ya gani.

Sirrin yana da hujjarsa, domin rahoton tsaro kan ƙunshi sunayen waɗanda suka tsegunta labari, da zarge-zargen da ba a tabbatar ba, waɗanda in aka baza su za a zubar da mutuncin wanda wataƙila bai ji ba bai gani ba. Amma batun Ibrahim Magu ya nuna inda gizo ke saƙa. Fadar Shugaba Muhammadu Buhari ta aika sunansa domin shugabancin hukumar EFCC, majalisa ƙarƙashin Bukola Saraki ta ƙi amincewa a Disambar 2016 bayan zaman sirri, ta sake ƙi a Maris 2017, kuma duka biyun da rahoton DSS ta kafa hujja, alhali ita wannan hukuma a ƙarƙashin shugaban da ya aiko sunan take. Magu ya ci gaba da riƙon ƙwarya har Yulin 2020, ta yadda hukuncin majalisa bai hana komai ba, shi kuma zargin ya zauna a wuyansa.

A Agustan 2023 majalisa ta amince da mutum 45 cikin 48 da Shugaba Bola Tinubu ya aiko, ta jingine Nasir El-Rufai da Stella Okotete da Abubakar Danladi, kuma iyakar abin da shugaban majalisar Godswill Akpabio ya shaida wa zauren shi ne ana jiran sakamakon binciken tsaro. Mutanen Kaduna da Delta da Taraba, jihohin da su ukun suka fito, ba a karanta musu dalili ba, sai kowa ya cike giɓin da jita-jita. Ba kuma a ce rariyar ba ta yoyo ba, tunda Kemi Adeosun ta tsallake matakan tantancewar biyu a 2015, sannan ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a Satumbar 2018 bayan 'yan jarida sun tono matsalar takardar da ta ɗauke mata hidimar ƙasa, wadda ta ce ba ta san ta jabu ba ce.

Akwai hanyar duba rahoton ba tare da fasa sirri ba. A Birtaniya, tun 1994 akwai kwamitin 'yan majalisa kaɗan da doka ta ba damar karanta bayanan leƙen asiri a madadin sauran, bisa sharaɗin riƙe sirri. Majalisar Najeriya ma ba ta rasa makami ba, domin sassa na 88 da 89 sun ba ta ikon bincike da kiran kowane jami'i ya kawo shaida. Da wannan iko za ta iya sa ƙaramin kwamiti ya zaunar da marubutan rahoton ya tambaye su madogararsu, a sanar da wanda ake zargi gundarin zargin domin ya kare kansa, sannan a rubuta taƙaitaccen dalilin ƙin amincewa a kundin zaman majalisa ba tare da ambaton majiya ba.