Wa'adin Zama a Shafukan Intanet

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa cike fom a intanet ya san wannan takaici: ka tashi salla, ka dawo ka tarar shafin ya kore ka. Wannan 'yar maƙala za ta bayyana dalilin haka, tare da kalmomin da suka dace da batun.

Ma'anar Zama

Uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi, ba ta tuna wanda ya zo ɗazu. Saboda haka idan ka shigar da kalmar sirri, sai ta ba burauzarka wata lamba, kamar lambar ajiyar kaya a tasha. Ana adana lambar a cikin kuki, dabarar da Lou Montulli ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1994. Muddin lambar na aiki, kana cikin zama.

Ire-iren Wa'adi

Na farko shi ne wa'adin shiru. Duk saƙon da ya isa uwar garke, sai ta rubuta lokacinsa, ƙirge ya koma farko. Idan shirun ya wuce kima, sai ta soke lambar. A manhajar ASP.NET ƙa'idar asali minti 20 ce, a PHP kuwa minti 24. Ƙungiyar OWASP ta ba da shawarar minti 2 zuwa 5 ga shafuka masu haɗari, irin na banki.

Na biyu shi ne wa'adin dole, wanda ke rufe zama bayan wasu sa'o'i ko da kana aiki.

A lura, a shafuka da yawa rubutun da ba ka aika ba bai isa uwar garke ba. Kana ta rubutu, ita kuwa a wurinta shiru ka yi.

Amfaninsa

Mu ɗauka ɗaliba ta duba shafinta na JAMB a wani kafe a Gwagwalada, ta tafi ba ta rufe ba. Wanda ya gaje kujerar zai ga bayananta, har ya iya sauya su. Wa'adi ne ke taƙaita wannan ɓarna. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ɗora wa masu riƙe bayanai nauyin tsare su.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Ka tanadi takardunka kafin ka shiga, ka riƙa adana aiki, sannan ka latsa maɓallin fita da kanka, domin rufe burauza ba lallai ya kashe zama ba.