Ci-gaba da Dangoginsa: Nazarin Ma'anar Wasu Kalmomin Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da ke yawo a bakin 'yan siyasa da ma'aikatan rediyo da marubutan jarida, da wuya a sami wadda ta kai "ci-gaba" shan aiki. In an gina asibiti a ce ci-gaba ne, in an faɗaɗa kasuwa a ce ci-gaba ne, in ma an ƙara haraji sai a ce don ci-gaban ƙasa aka yi. Wannan yawan amfani ya sa kalmar ta danne 'yan'uwanta, har ɗalibi ya ɗauka ita kaɗai harshen ya mallaka a wannan fage.

Manufar wannan takarda ita ce ta duba ginin kalmar da ma'anarta, sa'an nan ta kawo sauran kalmomin da Hausawa ke bayyana ƙaruwa da kyautatuwa da su. Abin da ake son nunawa shi ne, tafiya kawai ci-gaba ke nunawa a asalinsa, kuma sauran kalmomin su ne ke fayyace ko tafiyar ta yi amfani.

2.0 Ginin Kalmar

2.1 Gaba

A asali "gaba" sunan sashen jiki ne, wato ƙirji da ɓangaren da mutum ke fuskantar jama'a da shi, kamar a "gabana ya faɗi". Wannan suna da dogon wasali yake ƙarewa. Idan ya koma bayanau, kamar a "ya wuce gaba", sai wasalin ƙarshe ya gajarce, kuma haka abin yake ga "baya" da "ciki" da "ƙasa". Bai kamata a haɗa shi da "gaba" ta ƙiyayya ba, wadda wasalinta na farko dogo ne, balle "gaɓa" mai lanƙwasa.

Daga wannan tushe aka sami "gabata" da "gabatar" da "magabata" da "gabanin" da kuma "jagaba". A nan akwai abin lura dangane da lokaci:

(1) Magabata sun bar wa 'yan baya tarihi.
(2) An kafa garin gabanin zuwan Turawa.
(3) Za a duba maganar nan gaba.
(4) An duba maganar a baya.

A misali na (1) da na (2) gaba tana nuni ga abin da ya shuɗe, a na (3) kuwa ga abin da bai zo ba. Dalili shi ne hotuna biyu ne harshen ke aiki da su. Na farko hoton ayari ne a kan hanya: jagaba ya riga kowa isa zango, saboda haka na gaba shi ne na farko, na baya shi ne mai zuwa daga bisani. Na biyu hoton matafiyi guda ne wanda ya fuskanci inda ya nufa: abin da ke gabansa bai kai gare shi ba tukuna, abin da ke bayansa ya riga ya wuce shi. A kan hoto na biyu aka gina ci-gaba.

2.2 Ci

Aikatau "ci" yana daga cikin masu faɗin ma'ana a Hausa, kamar yadda ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 suka nuna. Jaggar da Buba, a nazarinsu na 2009, sun bayyana cewa "ci" ya fi tafiya da rinjaye, "sha" kuwa da ɗanɗana abin da ya auka wa mutum. Shi ya sa ake cin nasara da cin jarrabawa da cin yaƙi, amma a sha wahala, a sha kashi. Mai gaggawa zai iya cewa wannan rinjaye ne ke cikin ci-gaba. Sai dai akwai wani "ci" wanda ba ya neman karɓau, mai ma'anar gudana:

(5) Kasuwa tana ci.
(6) Fitila tana ci.
(7) Gwamnati mai ci ta yi alkawari.

Masu nahawu ma da shi suka laƙaba wa "lokaci mai ci" suna. Hujjoji biyu na nuna wannan ne ke cikin kalmar. Ta farko, a daidaitacciyar Hausa ana cewa "yana cin tuwo" da harafin nasaba, amma "yana ci gaba" ba tare da shi ba, domin gaba a nan bayanau ce, ba abin da aka ci ba. Ta biyu, akwai kishiyarta "ci baya", alhali babu wani rinjaye a cikin komawa baya.

2.3 Aikatau da Suna

Ana amfani da kalmar ta fuska biyu. A "ɗalibai sun ci gaba" aikatau ne da bayanau, kowa zaman kansa yake yi. A "ci-gaban ɗalibai ya faranta rai" kuwa harɗaɗɗen suna ne, jinsin namiji, mai karɓar harafin nasaba. A furuci ma sun bambanta, domin a sunan "ci" yakan ɗauki karin sauti na ƙasa da dogon wasali, kamar yadda ake ji a "bi-bango". A rubuce-rubucen yau ana cin karo da siga uku: ci gaba, da ci-gaba, da cigaba. Abin da ya fi dacewa da ƙa'idar rubutu shi ne a raba su in aikatau ne, a sa karan ɗori in suna ne, kuma a kan haka wannan takarda ta tafi.

3.0 Ɗorewa da Kyautatuwa

A dubi waɗannan jimloli:

(8) Manoma sun ci gaba da shuka.
(9) Farashin hatsi ya ci gaba da hauhawa.
(10) Rikicin ya ci gaba har dare.
(11) Garin ya ci gaba.

A jimla ta (8) da ta (9), inda "da" ta biyo baya, ma'anar ita ce abu bai tsaya ba, ko mai daɗi ne ko marar daɗi. A ta (10) babu "da", duk da haka ba wanda zai ce rikicin ya kyautatu. A ta (11) kaɗai aka sami ma'anar kyautatuwa, kuma ita ma daga sanin mai sauraro ta fito, tun da ya san ana yi wa gari fatan alheri. Ke nan kalmar ba ta ɗauke da hukunci a cikinta.

Hausawa sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke kiran wani abu "ci-gaban mai haƙar rijiya". Mai haƙa yana aiki, gumi na zuba, aikin kuma yana gaba, amma shi ƙasa yake yi. Da a ce kalmar kyautatuwa take nufi ko da yaushe, da wannan karin magana bai yi ma'ana ba.

Akwai kuma siga ta sa aiki, wato "ciyar", aji na biyar a rabon aikatau da Parsons ya yi a 1960. "Ciyar da jama'a" ba su abinci ne, "ciyar da jama'a gaba" kuwa kai su wani matsayi ne. Kalma guda ce ta raba ma'anonin biyu, don haka mai rubutu ya kula kada ta faɗi.

4.0 Sauran Kalmomi

Za a iya kasa dangogin ci-gaba gida huɗu bisa ga hoton da kowane gida ya dogara a kansa.

4.1 Kalmomin Girma da Yawa

A nan akwai bunƙasa, haɓaka, ƙaru, yalwata da tasowa. "Bunƙasa" ta fi dacewa da abin da ya girma ya yi kyan gani, irin shukar da ta sami ruwa da taki, saboda haka akan ce ciniki ya bunƙasa, ko gari ya bunƙasa. "Haɓaka" ƙaruwar girma ko ƙarfi take nunawa, kuma tana shiga inda ba a so, domin wuta ma takan haɓaka. "Ƙaru" aji na bakwai ne na "ƙara", kuma ma'anarta ta wuce lissafi: wanda ya saurari malami ya ƙaru, gidan da aka haihu an sami ƙaruwa. A wannan kalma barin lanƙwasar "ƙ" ba ƙaramin kuskure ba ne, domin yana mai da barka ta koma zagi. "Yalwata" daga "yalwa" take, ita kuwa isar abu ga kowa take aunawa. "Tasowa" aji na shida ne na "tashi", kalmar da ake faɗa wa yaro mai girma.

4.2 Kalmomin Gyara

Su ne gyara, kyautata da inganta. Bambancinsu da na sama shi ne, ba su damu da yawa ba sai da nagarta. "Gyara" tana ɗaukar cewa akwai ɓaraka tun farko. "Kyautata", daga "kyau", tana iya hawa kan abin da ba shi da aibi a ƙara masa armashi, kuma ta shafi mu'amala, kamar kyautata wa iyaye. "Inganta" ta jiɓinci ƙarko da aminci, shi ya sa ake cewa ingantaccen iri da ingantaccen hadisi. Makaranta tana iya haɓaka, ɗalibai su ninka, alhali karatu bai inganta ba. A wannan gida ma harshen ya ajiye gargaɗi, domin akwai "gyaran gangar Abzinawa", wato gyaran da ke ƙarasa ɓata abu.

4.3 Kalmomin Rai da Lafiya

"Raya" daga "rai" take. Ana raya maraya, ana raya gona, ana raya dare da ibada. Mai cewa "raya ƙasa" ya ɗauki ƙasa a matsayin abu mai rai wanda zai mutu in an yi sakaci da shi. Kusa da ita akwai "farfaɗo" da "murmure" da "samun sauƙi", waɗanda asalinsu na majinyaci ne. Idan aka ce masaƙa ta farfaɗo, an yarda ke nan cewa ta taɓa suma. Waɗannan kalmomi komawa ga lafiyar da aka rasa suke nufi, saboda haka ba su zama madadin bunƙasa.

4.4 Kalmomin Haske da Buɗi

"Wayewa" daga wayewar gari aka aro ta, aka sami "wayewar kai" da "wayar da kai". Ma'auninta fahimta ce, kuma ta dace da zamanin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, lokacin da aka duƙufa wajen koya wa manya karatu a Arewa. "Buɗi" kuwa hoton ƙofa ne, kuma ga Allah ake jingina shi. Haka nan kalmomin da aka aro daga Larabci, irin su albarka da arziki da nasara. "Albarka" ta fi sauran zurfi, domin tana raba yawa da amfani: dukiya kaɗan tana iya yin albarka, mai yawa ta rasa ta. Bahaushe yakan ce sana'ar wane ta ci gaba amma ba albarka, kuma babu tufka da warwara a zancensa.

5.0 Kalmomin a Hannun Masu Fassara

Tun daga kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, masu rubutu da fassara suka yi ta neman kalmomin da za su ɗauki sababbin ma'anonin mulki da tattalin arziki, kuma ba kalma guda suka riƙe ba. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, tana da kalmar da yau ake fassarawa da ci-gaba a cikin sunanta na Ingilishi, amma da Hausa Jam'iyyar Neman Sawaba aka san ta. Sawaba sauƙi ne da kuɓuta daga ƙunci, kuma shi ne abin da talaka ya fi gane wa a lokacin. A Nijar ma da wannan suna aka san jam'iyyar Jibo Bakari.

Tsare-tsaren gwamnatin Nijeriya, tun daga na 1962 zuwa 1968, "shirin raya ƙasa" ake kiran irinsu da Hausa, kamar yadda ake cewa "raya karkara" da "Bankin Raya Afirka". Wajen rarraba ƙasashen duniya kuwa sai aka haɗa hotuna biyu: "ƙasashen da suka ci gaba" matafiya ne da suka yi nisa, "ƙasashe masu tasowa" yara ne da ba su gama girma ba. Muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 ana kiran su muradun "ci-gaba mai ɗorewa". Buƙatar ƙara "mai ɗorewa" shaida ce cewa kalmar ita kaɗai ba ta cika ma'anar da ake so ba.

Abin da ya kamaci mai fassara shi ne ya tambayi kansa me ya canja. In yawa ne, ga haɓaka da ƙaruwa. In nagarta ce, ga inganta da kyautata. In abu ne ya dawo hayyacinsa, ga farfaɗo. In fahimta ce, ga wayewa. Wanda ya rubuta "an sami ci-gaba a harkar lafiya" bai gaya wa mai karatu ko asibitoci ne suka ƙaru ko magani ne ya inganta ba, kuma a irin wannan duhu ne mai mulki ke samun wurin fakewa.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa ci-gaba an gina shi ne daga "ci" mai ma'anar gudana da "gaba" ta matafiyi, don haka yana hawa kan alheri da sharri baki ɗaya. Ta kuma kasa dangoginsa gida huɗu: na girma, na gyara, na rai da na haske. Ba a taɓo bambancin karin harshe ba, wato yadda Sakkwatanci ko Katsinanci ko Damagaranci ke sarrafa waɗannan kalmomi, haka kuma ba a bi sawunsu a cikin rubutattun waƙoƙi ba. Fage ne da ke jiran masu nazari, kuma ana fata wannan ɗan ƙoƙari ya zama matashiya gare su.