Darasin Wannan Wata: Kumburin Muƙamuƙin Yara da Likitan da Ya Bi Sawunsa

A zagayen da muke yi na duba marasa lafiya, mukan tarar da yaro da kumburarren kunci, ana ta shafa masa magani da sunan ciwon haƙori ne, wasu ma su ce sammu ne. Kafin a kai shi asibiti, abu ya yi nisa. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin wannan cuta da waɗanda suka gano maganinta.

A shekarar 1957, wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala, ƙasar Yuganda. Mutum ne mai ido ɗaya, don ya rasa ɗayan tun yana yaro. Aka nuna masa wani yaro da kumburi a muƙamuƙi, ba a jima ba ya ga wani irinsa. Bai ce dacewa ce kawai ba. Ya koma ya tono tsofaffin takardun asibiti, a 1958 ya wallafa bayanin yara 38 masu wannan larura. Daga baya aka tabbatar nau'i ne na sankarar jini, wadda ke kama fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki. Har yau da sunansa ake kiranta.

Bai tsaya nan ba. Ya aika wasiƙu zuwa asibitocin Afirka, sannan a 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka shiga mota suka yi tafiyar kusan mil 10,000 suna tambaya asibiti-asibiti. Suka gano cutar ta fi yawa inda akwai zafi da ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Daga tsokar da yake aikawa Landan ne Anthony Epstein da abokan aikinsa suka gano wata ƙwayar cuta a 1964, ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam.

Abin da ya fi shafar mu shi ne magani. Wannan sankara tana da saurin girma, takan ninka kanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma kuma tana jin magani ƙwarai. Likitocin Afirka sun taka rawa wajen tabbatar da haka. Victor Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Badun, ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt. A Gana kuma Farfesa Francis Nkrumah ya daɗe yana bincike a kanta a asibitin Korle Bu.

Binciken ya kuma nuna cutar takan ɓuya a ƙwaƙwalwa da laka, inda maganin da aka sa a jijiya ba ya isa sosai. Dalilin ke nan da likita ke yi wa yaro allura ta ƙashin baya. Iyaye da yawa kan tsorata a nan su gudu da yaro. Don Allah kada mu yi haka, allurar kare ƙwaƙwalwarsa take yi.

Saboda haka mu riƙe abu uku. Na ɗaya, kumburin kunci, ido ko ciki da ke ƙaruwa cikin 'yan kwanaki, ko haƙoran yaro su fara girgiɗi ba dalili, a tafi asibiti a ranar. Korle Bu a Akra da Komfo Anokye a Kumasi suna da sashen sankarar yara. Na biyu, kumburi kan saɓe da wuri bayan an fara magani, amma saɓewa ba warkewa ba ce. A kammala duk zuwan da likita ya rubuta. Na uku, mu maƙwabta mu tallafa da kuɗin mota da abinci, don su ne kan sa uwa ta yanke magani a tsakiya.

Burkitt ya rasu a 1993, amma yaran da ba su taɓa jin sunansa ba suna rayuwa albarkacin haƙurinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya. Amin.