Kuɗin tallafi: ina rabon tsoho?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a kowane gari namu akwai tsohon da ya aje hauya. Ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Akwai kuma tsohuwar da ke riƙon jikoki, iyayensu sun tafi biɗa Libiya ko Nijeriya, aike kuwa ba kowane wata yake zuwa ba. Ma'aikaci idan ya tsufa yana karɓar fansho, domin tun yana aiki ake yankar wani abu cikin albashinsa ana aje masa. Manomi ba shi da albashi. Fanshonsa ɗiyansa ne da rumbunsa. Shekarar da rumbu ya zama wayam, kamar 2005 da 2010, ɗiyan ma ta kansu suke yi.

A shekarar 2011 gwamnatin Nijar, tare da Bankin Duniya, ta soma ba gidajen talakawa kuɗi a hannu. An yi aikin a jihohin Maradi, Zinder, Tahoua, Dosso da Tillabéri. Gidan da aka zaɓa yana samun jikka 10 kowane wata, har wata 24. Mace ake ba kuɗin, galibi uwargida. Ana kuma tara mata ana yi musu bayani kan shayarwa, tsabta da cimakar yara. A 2019 aka shiga kashi na biyu mai suna Wadata Talaka, kuɗin ya kai jikka 15.

Tallafin ya yi amfani. Masu bincike sun koma garuruwan da aka fara gwaji bayan kuɗin ya tsaya. Sun tarar bisashe sun ƙaru a gidajen, mata kuma suna zubin adashe fiye da da.

Sai dai mu lura da abu guda. Wannan kuɗi na gida ne, ba na tsufa ba ne. Masu ƙidaya sun dubi yawan mutanen gida, da irin ɗaki, da dabbobi, da kayan da aka mallaka. To, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ɗan ɗakinta bayan gari fa? Ranar taro ba ta iya takawa zuwa ƙofar maigari. Idan ba wanda ya ambaci sunanta, shi ke nan, an wuce ta. Wanda ke cikin babban gida ma, ana iya karɓo kuɗi a sayi hatsi, a manta maganin hawan jininsa. Ba mugunta ba ce, bakuna ne suka yi yawa. Amma tsoho mai kunya ne, ba zai buɗe baki ya roƙi surukarsa ba.

Wasu ƙasashen Afirka sun bi wata hanya. A Lesoto, cikin 2004, aka soma ba wanda ya kai shekara 70 kuɗi kowane wata, ko bai taɓa aikin albashi ba. Tsibirin Zanzibar ya yi haka a 2016. Shekaru ne shaida, kuɗin kuma a hannun tsoho ake sa shi. Wani zai ce: me tsoho zai yi da kuɗi? A Afirka ta Kudu an auna. Wata masaniya, Esther Duflo, ta gano cewa a gidajen da kaka mace ke karɓar fansho, jikoki mata sun fi nauyi da tsayi. Mu wannan bai ba mu mamaki ba. Wa ya taɓa ganin kaka ta ci ƙosai jika na kallo?

A ganinmu wannan hanya ta fi kare mutuncin tsoho. Mai ɗan abin hannunsa ana shawara da shi, ba a ganinsa kamar kaya.

Kafin mu kai can, akwai abin da ke hannunmu. Duk tallafin da ke bin shekaru, takarda yake nema, tsofaffinmu da yawa kuwa ba su da takardar haihuwa. Ana samun madadinta a wajen alƙali, da shaidu. Wani lokaci alƙalai kan fito karkara su yi wannan aiki a gari. Idan mun ji sanarwa, mu ɗora tsoho a amalanke mu kai shi, daga nan a yi masa katin ɗan ƙasa.

Ranar da masu ƙidaya suka zo, wanda ya iya karatu ya tsaya kusa. Ya duba ko an rubuta gwauraye da makafi da waɗanda ba su iya fitowa. Ranar biya kuma a ƙirga kuɗin a gaban mai biya kafin a dangwala yatsa. Idan an iso gida, a fara ware na maganin tsoho da na furarsa, sannan a tafi kasuwa da sauran.